Kafin a sayo leza a ɗakin gwajin ruwa, a san abin da ake aunawa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da shugabannin sassan injiniyanci na jami'o'i da kwalejojin fasaha, da ma'aikatan ɗakunan gwaji, da ɗaliban da ke shirin aikin kammala digiri, a kan auna gudun ruwa da iska da hasken leza da kyamara. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake kallon wannan fasaha ta fuska biyu, kuma duka biyun akwai gyara. Wasu na ganin ta fi ƙarfinmu saboda tsada. Wasu kuma da zarar kwamfuta ta fito musu da hoto mai kibiyoyi kala-kala masu nuna gudun ruwa sai su ɗauka an gama awo. Gaskiyar magana, ana iya farawa da kaya masu sauƙi, amma kibiyoyin nan ba sa zama awo sai an bi wasu ƙa'idoji da za mu zayyana.

Bututun Pitot da ma'aunin farfela da aka saba da su suna da amfaninsu, sai dai wuri guda suke aunawa a lokaci guda, kuma cusa su cikin ruwa yana canja gudun da ake son aunawa. Injiniyan da ke son sanin yadda ruwa ke murɗawa a gindin ginshiƙin gada yana ƙwaƙule yashi, ko yadda yake dukan ƙasa a bayan ƙofar madatsa, yana buƙatar ganin fili gaba ɗaya. Tunanin ba sabo ba ne. Manomin rani da ya jefa kara a magudanar ruwa ya bi shi da ido don ya san ƙarfin ruwan, asalin dabarar ke nan: ruwa ba ya ganuwa, sai a bi abin da ya ɗauko. Osborne Reynolds ya zura tawada a bututun gilashi a Manchesta a 1883, Ludwig Prandtl kuma a 1904 ya barbaɗa ɓarɓashi mai walƙiya a saman ruwan kwatarniyar gwajinsa a Jamus. Su gani suka yi. Leza ce ta mai da ganin ya zama lamba. A 1964 Yeh da Cummins na Jami'ar Kolombiya a Amurka suka auna gudun ruwa a bututu da leza, daga nan aka samu hanyar da ake kira LDV, mai auna gudu a wuri guda da hasken leza. Hanyar hoto kuwa, wato PIV, ta samu sunanta a 1984, kuma ta yaɗu sosai bayan Willert da Gharib sun nuna a 1991 cewa kyamarar dijital da kwamfuta sun wadatar, ba sai an wanke fim ba.

A PIV ana zuba ƙananan ƙwayoyi a ruwa, a baje hasken leza ya zama siririn labule mai kaurin kimanin milimita 1, a ɗauki hoto biyu a jere da ɗan taƙaitaccen lokaci tsakaninsu. Manhaja ta yanka hoton zuwa ƙananan murabba'ai, yawanci fiksel 32 tsawo 32 faɗi, ta nemo nisan da gungun ƙwayoyin kowane murabba'i ya matsa daga hoton farko zuwa na biyu. A raba nisa da lokaci, an sami gudu. A faɗe abu ne mai sauƙi. Wahalar tana cikin ƙwayoyin, da lokacin, da ma'aunin.

Mu fara da ƙwayoyi, domin nan aka fi yin sakaci. Kyamara ba ruwa take aunawa ba, ƙwaya take aunawa, don haka idan ƙwayar ba ta bin ruwa sau da ƙafa to duk lissafin da ya biyo baya na banza ne. A ruwa an fi amfani da ƙwallayen gilashi masu rami a ciki, faɗinsu kusan maikiron 10 (maikiron 1000 ne milimita 1), nauyinsu kusan giram 1.1 a kowace mililita, ko garin roba na foliyamid mai maikiron 20 zuwa 50 da nauyi kusan 1.03. Dalilin zaɓensu lissafi ne. Ƙwallon gilashi mai maikiron 10 yana nutsewa da gudun kusan maikiron 5 a sakan, wato kamar ba ya nutsewa, kuma yana karɓar canjin gudun ruwa cikin kimanin maikirosakan 6. Kwatanta shi da ƙwayar yashi mai laushi ta maikiron 100: tana nutsewa kusan milimita 9 a sakan. A kwatarniyar da ruwa ke tafiya santimita 5 a sakan, yashin zai sa duk kibiyoyi su sunkuya ƙasa, ɗalibi ya rubuta cewa ruwa na gangarawa alhali yashinsa ne ke faɗuwa. Garin alli da garin katako ma haka, na farko ya yi nauyi, na biyu ya jiƙe ya canja hali kafin a gama gwaji. A iska kuma ana fesa ɗigon mai na kusan maikiron 1, man zaitun ko wanda ake kira DEHS, domin iska ba ta iya jan ƙwaya babba.

Yawan ƙwayar ma akwai iyaka. Binciken Keane da Adrian a farkon shekarun 1990 ya nuna ana son ƙwaya kamar 10 a kowane murabba'i. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Kyamara mai fiksel 2000 a faɗi tana kallon fili mai milimita 100, wato fiksel 20 a kowace milimita. Murabba'i mai fiksel 32 ya zama milimita 1.6. Idan labulen haske milimita 1 ne, ƙwaya 10 a wannan ɗan wuri na nufin kusan miliyan 4 a lita. Adadin da ban tsoro, amma in ƙwallayen gilashi masu maikiron 10 ne, a sikeli bai wuce miligiram 2 zuwa 3 a lita ba. Tanki mai lita 1000 giram 2 zuwa 3 yake so, kusan cikin ƙaramin cokali. Mafi yawan masu farawa zubawa suke yi fiye da kima, ruwa ya yi fari kamar an dama, haske ya watse kafin ya kai tsakiyar kwatarniya, hoto ya zama hazo. A dama garin a kofi daban da ɗigo ɗaya na sabulun ruwa don kada ya dunƙule, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana duba hoto. Sabulun in ya yi yawa kumfa za ta taso, kuma kumfa ta fi kowace ƙwaya haske, ga shi sama take yi ba ta bin ruwa. Saboda wannan ne ake tace ruwan famfo, a bar shi ya kwana a tanki iskar da ke cikinsa ta fita. Ruwan rijiyar burtsatse mai laka ko tsatsa sai an tace shi da kyau, in ba haka ba lakar ce za ta cika hoton.

Sai lokacin da ke tsakanin hotuna biyun. Ƙa'idar ita ce kada ƙwaya ta matsa fiye da rubu'in murabba'i, wato fiksel 8 a misalinmu, milimita 0.4. In ruwa na gudun mita 0.5 a sakan, lokacin ya zama maikirosakan 800. Aka tsawaita shi, ƙwayoyin da aka gani a hoton farko sun fice daga murabba'in kafin na biyu, manhaja ta haɗa ƙwayoyin da ba su da alaƙa, kibiyoyi su riƙa nuna gabas da yamma. Aka gajarta shi da yawa, matsawar ba ta kai a auna ta da kyau ba. Kuskuren PIV mai kyau kusan fiksel 0.1 ne. A kan fiksel 8 bai kai kashi 2 cikin 100 ba, amma a kan fiksel 1 ya zama kashi 10. Akwai kuma wani rubu'in da ake mantawa: ƙwayar da ke ratsa labulen ta gefe kada ta wuce rubu'in kaurinsa. A inda ruwa ke murɗawa sosai, kamar bayan ginshiƙi, wannan ne ke fara ɓata awo, kuma maganinsa a ƙara kaurin labule kaɗan ko a rage lokaci.

A na'urar da ta cika, hasken yana fitowa daga leza iri Nd:YAG mai baki biyu, kore mai tsawon zango nanomita 532. Kowane baki yana walƙawa na nanosakan 5 zuwa 10, sau 10 zuwa 15 a sakan, kuma gajartar walƙiyar ce ke daskarar da ƙwaya a hoto. Akwatin daidaita lokaci yana sa walƙiya ta farko ta faɗo a ƙarshen hoton farko, ta biyu a farkon hoto na biyu. Lensi mai siffar silinda ke baje hasken, lensi mai zagaye kuma ke sirantar da shi a daidai wurin awo. Abin da za a duba kafin kowane babban gwaji shi ne ko labulen baki na farko da na biyu sun hau kan juna. Jijjiga a hanya ko zafin ɗaki kan gusar da madubi guda, sai hoton farko ya haska wani yanki na ruwa, na biyu ya haska na kusa da shi. Kowane hoto shi kaɗai ya yi kyau, amma ƙwayoyin cikinsu daban ne. Ana gane wannan da ruwa a tsaye cak: in hotuna biyun ba su yi kama da juna ba, matsalar daga leza take.

Akwai wani abu da ke ba masu ɗaukar hoto mamaki: hoton da ya fi tsini ba shi ne ya fi kyau ba. Ana son kowace ƙwaya ta cika fiksel 2 zuwa 3, domin manhaja tana gano tsakiyarta ne daga yadda haskenta ya rabu a kan fiksel maƙwabta. In ƙwaya ta tsaya a fiksel ɗaya, awo zai riƙa maƙalewa a cikakkun lambobi, 7 ko 8, ba 7.4 ba. A misalinmu, in fiksel na kyamarar maikiron 5.5 ne, buɗe ƙofar lensi a f/4 zai ba da ƙwaya mai kusan fiksel 1, rufe ta zuwa f/8 zai ba da kusan 2. A zana jadawalin yawan matsawar da aka samu. In ya fito da tsaunuka a kan cikakkun lambobi, an faɗa wannan rami, kuma alƙaluman hargitsin ruwa su ne za su fi lalacewa.

Ma'auni shi ne inda muke son ma'aikatan ɗakin gwaji su tsaya kai da fata. A sa allo mai ɗigo-ɗigo da aka san tazararsu, ko aƙalla rula ta ƙarfe, a cikin ruwan, a daidai inda labulen haske zai bi, a ɗauki hotonsa da kyamarar a yadda take, sannan kada a ƙara taɓa kyamara ko lensi. Rular da aka manna a jikin gilashi ta waje ba ma'auni ba ce, domin ta fi labulen kusa da kyamara, kuma haske yana karyewa in ya fito daga ruwa zuwa iska. Lambar karyar haske ta ruwa 1.33 ce, ta robar akirilik 1.49, ta iska 1. A bango miƙaƙƙe, kyamara na kallonsa kai tsaye, abin da sauƙi. A bututu mai zagaye kuwa bangon kansa ya zama lensi, wurin da ke kusa da bango ya murɗe, alhali nan ne aka fi son aunawa. Maganin da aka saba shi ne a saka bututun cikin akwati mai bango miƙaƙƙe a cika shi da ruwa. Masu son daidaito sosai sukan canja ruwan gaba ɗaya: gilisarin yana da 1.47, daidai da gilashin Pyrex, ruwan gishirin sodiyam ayodaid mai kauri kuma ana iya kai shi daidai da akirilik har bangon ya ɓace wa ido. Ƙyallin leza a jikin bango ko samfur ana rage shi da baƙin fenti marar sheƙi, ko a yi amfani da ƙwayoyi masu rinin rodamin da ke shan kore su fitar da haske mai launin ruwan lemo, a sa matacin haske a gaban lensi ya tare koren.

Zafin ruwa kuma a riƙa rubuta shi, farko da ƙarshe. Littattafan da ɗalibanmu ke kwafa daga ciki suna ɗaukar digiri 20, inda kaurin ruwa yake milifaskal-sakan 1.0. A digiri 30 ya sauka zuwa 0.80, a 35 kusan 0.72. Tankin da ya wuni a ɗaki cikin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, famfo na zagaya ruwansa yana ƙara masa ɗumi, ba ya kusa da 20. Lambar Reynolds, wadda ke nuna ko gudu zai natsu ko zai hargitse, ta tashi da rubu'i ko fiye, kuma gwajin da aka tsara a ƙasa da 2300 don gudu mai natsuwa a bututu yana iya tsallakawa cikin hargitsi ba tare da kowa ya taɓa famfo ba. Ƙurar hunturu ita ma abokiyar gaba ce: in ta zauna a kan madubin leza mai ƙarfi tana ƙonewa ta bar tabo na dindindin, don haka a rufe kayan gilashi, a busa ƙura kafin a goge, kada a goge da gefen riga.

Bayan lissafi, a tace kibiyoyin ƙarya ta hanyar kwatanta kowace da maƙwabtanta. Gwajin da Westerweel da Scarano suka fitar a 2005 yana cikin kusan kowace manhaja. Amma a faɗi nawa aka cire. In sun wuce kashi 5 cikin 100, a koma a gyara gwajin, kada a bar kwamfuta ta cike gurbi da ƙirƙira. Sannan a gwada awon da abin da aka riga aka sani. A tara gudun da aka auna daga bango zuwa bango a fitar da yawan ruwan da ke wucewa, a kwatanta da bokiti da agogo. A gudu mai natsuwa cikin bututu, gudun tsakiya ninki biyu ne na matsakaici. Na'urar da ta kasa nuna wannan ba a yarda da ita a kan abin da ya fi shi wuya ba. Ga ruwa mai hargitsi, hoto 50 ba ya isa. Kuskuren matsakaici yana raguwa ne da saiwar adadin hotuna, shi ya sa ake ɗaukar dubu ko fiye, kuma a ba su tazara don kada su zama maimaicin abu guda.

LDV aikinta daban. Ana raba hasken leza biyu a gicciya su, inda suka haɗu sai ratsin haske da duhu ya bayyana. Da kore mai nanomita 532 da kusurwar digiri 10, tazarar ratsin kusan maikiron 3.05 ce. Ƙwayar da ta ratsa da gudun mita 1 a sakan za ta yi ƙyaftawa kusan sau 328,000 a sakan, na'ura ta ƙirga. Wuri guda take aunawa, amma sau dubbai a sakan, kuma tun da tazarar ratsin daga kusurwa da tsawon zango take fitowa, ta dace da duba gaskiyar PIV. Ratsi a tsaye ba ya bambanta gaba da baya, don haka ake gusar da mitar haske guda da megahaz 40 ta na'urar Bragg, ratsin ya riƙa tafiya. Kuma ƙwayoyi masu sauri sun fi yawan wucewa, in aka ɗauki matsakaici kai tsaye zai fi gaskiya girma, sai an auna kowace da tsawon zamanta a wurin. Akwai PIV mai kyamara biyu da ke ba da gudu ta fuska uku, da mai kyamara huɗu da aka fitar a Delft ta Holan a 2006, amma sashen da bai ƙware a kyamara ɗaya ba bai kamata ya nufe su ba.

Ga sashen da ba shi da kuɗin wannan duka, hanya a buɗe take. Manhajar OpenPIV kyauta ce, PIVlab ta William Thielicke ma kyauta ce ga mai manhajar lissafi ta MATLAB. Wayar da ke ɗaukar hoto 240 a sakan tana da milisakan 4.2 tsakanin hotuna. In ta kalli fili mai milimita 190 da fiksel 1920, fiksel 8 ya zama kusan mita 0.19 a sakan, kuma iyakarta ke nan. Ya isa a koyar da juyin ruwa a bayan silinda, ko gudu a ƙaramar kwatarniya. A kafe wayar a kan ƙafa, a kulle fokas da haske, a rage buɗewar hoto zuwa 1/1000 na sakan ko ƙasa don kada ƙwaya ta ja wutsiya, a kashe fitilun ɗaki domin suna ƙyaftawa sau 100 a sakan. A tabbatar da ainihin saurin ɗaukar hoton ta hanyar ɗaukar agogo mai ƙirga milisakan, saboda wasu wayoyi kan canja shi da kansu, kuma matse bidiyo yana goge ƙananan ƙwayoyi. Wannan dabara ba leza ma tana aiki a fili: tun ƙarshen shekarun 1990 Ichiro Fujita na Japan da abokan aikinsa suka nuna ana auna gudun saman kogi daga bidiyo, a ninka da kusan 0.85 a kimanta matsakaici. Magudanan noman rani da ke ɗauko ruwa daga madatsar Tiga, masu bango na siminti da faɗin da aka sani, wuri ne da ya dace ɗalibi ya gwada hakan.

Maganar ido ba ta da rangwame. Leza mai ci gaba da haske da ta wuce miliwat 5 ta shiga aji 3B, wadda ta wuce miliwat 500 aji 4 ce, kuma Nd:YAG ta PIV aji 4 ce: walƙiya ɗaya, ko da ta dawo ne daga jikin gilashi ko fuskar agogo, ta isa ta ƙona bayan ido tun kafin mutum ya ƙyafta. Koren fitilar leza da ake sayarwa a kasuwa ita ma abin tsoro ce. Sau da yawa ƙarfinta ya fi abin da aka rubuta, kuma marasa mataci suna fitar da haske marar ganuwa na nanomita 808 da 1064. A ɗaki mai duhu ƙwayar ido a buɗe take, haɗarin ya ƙaru. A sa tabarau da aka rubuta masa 532 da 1064, ba na walda ko na rana ba. A cire zobe da agogo, a ajiye hanyar haske ƙasa da tsayin ido, kada kowa ya zauna a kujera ko ya sunkuya a layinta, a tare ƙarshen hasken da baƙin abu, a rufe ƙofa da alama. Daidaita madubai kuma a mafi ƙarancin ƙarfi ake yi. Don koyar da aji, fitilar LED mai ƙarfi da aka matse ta siririn tsagi ta fi kwanciyar hankali.

Roƙonmu ga masu rubuta buƙatar kaya zuwa TETFund ko wata hukuma shi ne su sa abin da ke riƙe na'urar da rai a cikin kasafin tun farko: inbata da na'urar daidaita wuta, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki na tsayar da famfon sanyaya leza tana da zafi, na'urar sanyaya ɗaki, ruwan sanyaya da aka cire wa gishiri da matacinsa, fitilun walƙiya na canji, tun da ƙarewa suke yi, tabarau na kowa da zai shiga ɗakin, allon ma'auni, da ƙwayoyi na shekara biyu ko uku. A horar da ma'aikacin ɗakin gwaji na dindindin, ba ɗalibin da zai tafi baɗi kaɗai ba. Masu duba aikin ɗalibai kuma su nemi ganin ɗanyun hotuna, da hoton ma'auni, da lokacin da ke tsakanin hotuna, da zafin ruwa, kafin su sa hannu a kan kowane zanen kibiyoyi.

Wassalam.

Daga wasu malamai da ma'aikatan ɗakin gwajin injiniyan ruwa.